An ba shi insulin saboda fotasiyam ya hau, sai sukarinsa ya faɗi: laifina ne?

Tambaya: Likita, ni nas ce, ina aikin dare a ɗakin maza. An kwantar da wani dattijo mai ciwon ƙoda, ba shi da ciwon sukari, sinadarin fotasiyam na jininsa ya hau har 6.8 (mmol/L). An rubuta Actrapid (insulin mai saurin aiki) yunit 10 da dekstoros (ruwan sukarin gulukos) mai kashi 50, mil 50, na ba shi ta jijiya. Bayan rabin awa sukarinsa 11 ne (shi ma a mmol/L). Wajen ƙarfe uku na same shi sharkaf da zufa, ba ya amsawa, sukari 2.1. Allah Ya sa ya farfaɗo, amma har yau hankalina bai kwanta ba. Yunit 10 ya yi masa yawa ne?

Amsa: Sista, sannu da ƙoƙari. Abin da aka rubuta shi ne ma'aunin da aka saba: yunit 10 da giram 25 na gulukos. Yana fara aiki cikin minti 15, ya sauke fotasiyam da kamar 0.6 zuwa 1.2. Ga mai ciwon ƙoda marar ciwon sukari, ko ramamme, ko wanda bai ci abinci ba, likitoci da yawa kan ba da yunit 5, ko 0.1 ga kowane kilo ba tare da wuce 10 ba. Ni ma haka nake yi. Wannan hukuncin mai rubutawa ne, amma kina da damar ki tambaye shi.

Inda matsalar take shi ne gwajin nan na rabin awa. Kullum ina jin ana cewa, "Ai mun haɗa da dekstoros, mun gwada, sukarin ma ya hau." To dole ya hau, yanzu kika ɗura masa sukari a jijiya! Wannan 11 ɗin dekstoros ɗinki ne kike gani. Cikin kamar awa ɗaya jiki ya gama da shi, insulin kuwa yana nan awa 4 zuwa 6. Ƙoda ce ke fitar da kaso mai yawa na insulin da aka yi allurarsa, idan ta gaza sai ya daɗe a jini. Sannan lafiyayyar ƙoda tana haɗa sukari ta taimaki hanta, ta wannan dattijo ba ta iyawa. Shi ya sa faɗuwar ke zuwa tsakanin awa ɗaya zuwa uku, lokacin da kowa ya saki jiki, an rage fitila, mai jinya ya shimfiɗa tabarma a ƙasan gado. Sai a ga mutum ya yi lamo a ce barci ne, ko a ce gubar ƙoda ce ta hau masa kai. Na ga wanda aka yi wa wannan fassarar har gari ya waye, ƙwaƙwalwarsa ba ta dawo daidai ba.

Abin da ke ƙona min rai, sau da yawa dalilin rashin gwajin shi ne tsinken gwaji ya ƙare, sito a kulle, sai dangi sun je sun biya sun kawo rasit. Wanda ya rubuta insulin ta jijiya ya tabbatar da tsinke a hannu kafin a zuƙi allurar.

Ki gwada sukari kafin ki ba shi insulin. Idan sukari bai kai 7 ba, ƙa'idar ƙungiyar likitocin ƙoda ta Birtaniya ita ce a bi da dekstoros mai kashi 10, mil 50 a awa, har awa 5. Idan ya haura 14, ana iya ba da insulin kaɗai. Ki gwada a minti 30, a awa ɗaya, sannan duk awa har 6 aƙalla. Ki yi amfani da sirinjin insulin, domin yunit 10 na U-100 (mai yunit 100 a kowane mil) mil 0.1 ne kacal. Mixtard, wato gaurayen insulin, ba a ba da shi ta jijiya.

Kuma insulin tura fotasiyam yake yi cikin ƙwayoyin jiki, bai fitar da komai ba, zai dawo. Idan ECG, wato gwajin bugun zuciya, ya canza, allurar kalsiyam gulukonet mai kare zuciya ce farko. A sake gwada fotasiyam bayan awa 1 zuwa 2, a fara maganar wankin ƙoda tun a daren. Ki kuma gargaɗi dangi kada su tura masa dabino ko ayaba don sukari ya faɗi, cike suke da fotasiyam.