Zauren Uwar Gida: Anti, Aikin Gida Ya Hana Ni Zama

Assalamu alaikum 'yan zaure. Saƙonnin da suka shigo wannan karon kusan duk akan shara ne da wanke-wanke da ƙura, yawanci kuma daga ƙauyukanmu na Kano da Jigawa, to na ɗauko guda huɗu, wadda ba ta ga nata ba ta duba da kyau ƙila amsarta na cikin na wata.

TAMBAYA: Salam Anti ina yini, ya aiki. Ni matar aure ce a wani ƙauye a ƙaramar hukumar Ringim, yarana biyar ƙaramin yana goye. Wallahi Anti daga asuba har isha'i bana zama, in share tsakar gida kafin hantsi awaki da kaji sun ɓata, wanke-wanke baya ƙarewa musamman tukwane dan da itace da kara muke girki, sai na kankare baƙin har hannuna ya tsattsage, ga ruwa sai an je tuƙa-tuƙa. Dan Allah a bani dabara. Daga Maman yara biyar.

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanwata, sannu da ƙoƙari, Allah ya raya zuri'a. Bari in fara da awakin nan dan su ne rabin wahalarki. Muddin akuya na yawo a tsakar gida to ko sau goma kika yi shara a banza, dan haka ki lallaɓa maigida ya ware musu kusurwa ɗaya ya kafa turke ko ya zagaye da dangar kara, yanzu bayan kaka kara ba wuya yake ba, kajin kuma a dinga watsa musu tsaba a wuri ɗaya can nesa da murhu, kaza inda ta saba samu nan take komawa. In zaki yi masa maganar kar ki fara da na gaji, ki fara da taki. Kashin da kike sharewa kina watsarwa a juji in ya taru a turke buhu-buhu zai kwasa ya kai gona kafin damina, shi ma ya san yadda kuɗin takin zamani ya koma, zaki ga ya tashi da wuri.

Sharar kanta, ki dinga yayyafa ruwa kafin ki fara, ba sai mai kyau ba, ruwan ɗaurayar kwanuka ya isa, ƙurar zata kwanta maimakon ta tashi ta sauka akan kwanukan da kika gama wankewa yanzu. Ki ba iska baya, ki tura sharar inda take kaɗawa. Sannan tunda kina goyo, ki samu sanda ki ɗaure tsintsiyar a jiki da roba ki dinga shara a tsaye, maƙwabta zasu yi dariya kwana biyu daga baya ki ga sun kwaikwaya, bayanki kuma ya huta.

To sai tukwane, nan ne zan daɗe. Baƙin tukunya ba bayan girki ake yaƙi da shi ba, kafin girki ne. Ki kwaɓa toka da ɗan ruwa tayi kauri kamar kunu ki shafe gindin tukunyar da gefenta ta waje kafin ki ɗora, ko yumɓu, ko ki goga jiƙaƙƙen sabulu in kina da shi. Hayaƙin akan wannan shafen zai zauna ba akan ƙarfen ba, in kin tashi wanki ruwa kawai da soso sai ki ga ya sulɓe gaba ɗaya. Ta ciki kuma, da kin kwashe tuwo kar ki ajiye tukunyar ta bushe, in kuna son ƙanzon ki ɓanɓare abinki, sai ki zuba ruwa ki mayar kan ragowar garwashin, kafin a gama cin abinci ya jiƙu ya saki da kansa. Abinda yake cinye miki lokaci shi ne tuwon da ya kwana ya bushe a jikin tukunya, shi ke sa kankara da cokali da safe.

Tokar nan ba camfi bace, tana da sinadari irin na kanwa wanda in ya haɗu da maiƙo yake narkar da shi, ai da ruwan toka da mai ake haɗa sabulun salo. Sai dai ki tankaɗe ta a rariya ki cire gawayi da tsakuwa dan kar su kakkarce miki kwanuka, ki zuba a tsohon gwangwani kusa da wajen wanke-wanke, kuma kar ki ɗebi tokar da aka ƙona leda ko roba a ciki. Wannan ƙarfin nata shi ne yake tsattsaga miki hannu, saboda haka da soso zaki dinga ɗiba ba da yatsu ba, in kin gama ki ɗauraye hannu sosai ki shafa man kaɗe ko basilin. In cikin tukunyar dalma ya yi duhu ki tafasa ruwan tsamiya ko ɓawon lemun tsami a ciki, zata washe.

Maganar ƙarancin ruwa. Kwano mai manja ko man gyaɗa kar ki tsoma shi a ruwan omo haka nan, ki fara goge maiƙon da ɗan dusa ki zuba wa kaji, sannan ki wanke. Baho biyu, ɗaya na kumfa ɗaya na ɗauraya, ki fara da kofuna da moɗa, sai kwanukan tuwo, sai na miya, tukwane a ƙarshe, haka ruwan zai kai ki har ƙarshe bai yi baƙi tun farko ba. Ki sa a haɗa miki ɗan gado na itace mai tsayi zuwa ƙugu a inda rana ke bugawa, ki dinga kife kwanukan a kai su bushe da kansu, ba goge-goge, kuma akuya ko kaza basa kaiwa.

Sai abu ɗaya da baki tambaya ba amma zan faɗa. Yara biyar, baki ce min mata nawa maza nawa ba, amma na san halinmu, mace ɗaya ake ɗora wa komai mazan suna ƙofar gida suna ƙwallo. Yaro ɗan shekara bakwai zai iya shara, zai iya kwashe toka, zai iya ɗauraya. Ki raba musu kowa da nasa na kullum wanda ba sai an faɗa ba. In kakarsu ta ce namiji baya wanke-wanke, ki tuna mata cikin ladabi da hadisin Nana A'isha da ke cikin Bukhari, cewa Annabi (SAW) yana taya iyalansa aikin gida, in lokacin sallah ya yi ya fita.

TAMBAYA: Anti barka da war haka. Ni amarya ce wata huɗu, an kawo ni wani gari kusa da Kazaure. Tunda hunturu ya shigo ƙura ta hana ni sakat, in goge jere da kabet da safe kafin la'asar sun yi fari fat, kafet ɗina har ya canza kala. Ya zan yi?

AMSA: Amarya bakya laifi, Allah ya bada zaman lafiya. Iskar nan daga Sahara take tasowa ta ɓangaren arewa maso gabas, tun wajen Nuwamba har zuwa Fabrairu ko Maris, ba mai hana ta, sai dai ki rage mata hanya ki kuma rage mata wurin zama. Tagar da ke fuskantar inda take bugowa ki rufe ta da rana, ki nannaɗe tsohon zani ki toshe ƙasan ƙofa, ki shimfiɗa buhu a bakin ƙofa, takalmi kuma ko na ango ne a waje. Na tabbata da busasshen tsumma kike kaɗe kayan, shi yasa, ƙurar tashi kawai take ta jira ki fita ta dawo. Ki jiƙa tsumman ki matse sosai, ki fara daga saman kabet ki sauko, ledar ƙasa ita ce ƙarshe.

Jeren kuma gaskiya zan faɗa miki 'yata, wata huɗu ai 'yan ganin ɗaki sun gama zuwa. Ki bar 'yan kaɗan na ado, sauran samira da kuloli ki wanke ki sa a leda ki mayar kwali ko cikin kabet mai gilas, ba wanda zai ce an sayar. Kafet ɗin ki fitar a kakkaɓe shi da sanda a rana, ki naɗe ki ajiye sai iska ta kwanta, ledar ɗaki minti biyar kin goge ta.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Hajiya. Ni magidanci ne daga wani ƙauye a yankin Dambatta, na san filin na mata ne amma a yi haƙuri. Masan gidana na rami ne, wari da ƙudaje sun dame mu, iyali kullum cikin wanki amma ba canji. Wani abokina ya ce in haɗa bilic da ruwan wanke masai irin na kwalba in juye a ramin, wani kuma ya ce baƙin mai. Wanne ya fi?

AMSA: Wa alaikumus salam Malam, zaure na kowa ne, kuma Allah ya saka da alheri da ka damu da wahalar iyali. Amsa ita ce babu ko ɗaya. Na farkon ma haɗari ne ba ƙarami ba, yawancin ruwan wanke masai na kwalba asid ne, in ya haɗu da bilic yana fitar da iskar kulorin mai guba, tana shaƙe ƙirji ta sa tari da zafin ido, a ɗan ƙuntataccen wuri kamar banɗaki tana iya kai mutum asibiti. Bilic da ruwa zalla kawai ake sirka shi, ba a haɗa shi da lemun tsami ko ruwan kal ko wani maganin wanki, dan Allah mata ku riƙe wannan. Kuma ko shi kaɗai ne ba a juye shi a rami, akwai ƙwayoyin halitta a ciki da suke ruɓar da ƙazantar suna sa ta sauka, in ka kashe su ramin zai cika da wuri. Baƙin mai kuma ƙasa yake bi, wata rana ka same shi a rijiya.

Abinda zai yi maka aiki yana murhun gidanka. A ajiye bokitin toka da ɗan gwangwani a banɗakin, duk wanda ya gama ya barbaɗa a ramin, tana busar da saman ta kashe warin, ƙuda kuma baya son wurin da ya bushe. A yi wa ramin murfi na katako mai mariƙi wanda ya zauna daidai. In da hali, ranar Lahadi in ka shiga kasuwar Dambatta ka sayo fayif mai inci 4, mai gini ya huda maka daɓen ya kafa shi ya zarce rufin da kamar rabin mita, a ɗaure ragar sauro a bakinsa na sama, warin zai dinga fita ta can, ƙudajen da suka biyo haske su maƙale a ragar su mutu. In ka sa fayif ɗin kar a toshe bakin ramin ruf, yana buƙatar iska ta shiga ta ƙasa ta fita ta sama. Daɓen kuma in ya fashe a shafe shi da siminti a karkata shi wajen ramin, yawancin zarnin daga fitsarin da ke kwanciya a tsaga yake, shi yasa iyali ke wanki ba canji. In kuma zaka haƙa sabo nan gaba, ka nisanta shi da rijiya kamar mita 30, saboda amai da gudawa lokacin damina.

TAMBAYA: Anti jarkokin ruwanmu cikinsu ya yi kore, hannu baya shiga, randa ma tana santsi. Daga wata 'yar uwa a Kafin Hausa.

AMSA: Gansakuka ce 'yar uwa, rana ce ke haifar da ita, musamman a farar jarka da haske ke ratsawa. Ki zuba tsakuwa ƙanana cikin tafin hannu biyu, ɗan omo da ruwa kaɗan, ki rufe ki ba yara su jijjiga ko su gangara ta a ƙasa, a wajensu wasa ne, sai ki juye ki ɗauraye sau uku ki kife ta bushe, daga yau kuma a inuwa zaki dinga ajiyewa. Jarkar da aka taɓa zuba fetur ko maganin feshin gona kuwa ba wankin da zai sa ta dace da ruwan sha, a fitar da ita.

Randa kar ki sa mata omo, ƙasa ce tana shanye ƙamshin ruwan ya ɓaci. Soso sabo wanda ita kaɗai ake wa amfani da shi da ruwa zalla sun isa, sati-sati, ki bari ruwan ya kusa ƙarewa dan kar a yi asara. Dalilin satin, ƙwan sauro cikin kwana 7 zuwa 10 yake zama sauro, shi yasa iyayenmu ke bada labarin duba-gari in ya shigo gida randa yake fara leƙawa. Ki rufe da faifai ko murfi, moɗa ɗaya ta ɗiba a rataye ta a ƙusa, wanda zai sha ya juye a kofinsa.