Shuka a tankin kifi: abin saya da abin bari a shago

Tambaya: Assalamu alaikum. Na sayo wa yara tankin kifi mai lita 60 da tsirrai na gaske. Ba a yi sati biyu ba ganye ya fara narkewa, gilashin kuma ya yi kore. Mai shago ya ce sai na sayi tukunyar iskar CO2 da babbar fitila. In saya? (Wata uwa daga Jidda)

Wa alaikumus salam, Hajiya. Ki riƙe riyalinki tukuna. Galibin tsirran nan a gonaki ake renonsu ganyensu na shan iska, saiwa ce kawai a ruwa. Da an nutsar da su sai tsohon ganye ya mutu, sabo mai jure ruwa ya fito. Irin da ake kira Cryptocoryne ya yi suna a wannan hali. Ki duba saiwar: in fara ce da ƙwari, da sauran rai. Ki yanke ruɓaɓɓen ganye ki yi haƙuri. Amma in mai ratsin fari da kore aka haɗa miki, wato Dracaena, wannan shukar tudu ce, ruɓewa za ta yi komai gatan da kika yi mata.

Koren gilashi kuwa gansakuka ce, kuma yawan haske ke kiwonta. Babbar fitila ƙara mata ƙarfi za ta yi. Ki janye tankin daga bakin taga, fitila ta yi awa 6 zuwa 8 a rana, ta mutu ko da yara za su yi kuka. Ƙaramar na'urar saita lokaci da ake maƙalawa a soket ta fi miki amfani nesa ba kusa ba. Iskar CO2 ta masu renon jajayen tsirrai ce da ciyawar shimfiɗa, kuma in ta yi yawa kifi ne ke shaƙewa.

Abin saya uku ne a wurina: Anubias, Java fern da Vallisneria. Anubias barteri ma tamu ce, asalinta koramun kudancin Najeriya da Kamaru, inda take maƙale da duwatsu a inuwa, shi ya sa ba ta damu da ƙarancin haske ba. Ita da Java fern kada ki binne kaurin jijiyarsu da ke kwance, wadda ganye ke tsirowa a kanta. Ki ɗaure ta da zare a jikin dutse ko itace. Vallisneria ce ake dasawa a yashi, a tura mata ƙwayar taki kusa da saiwa. In kin samu kainuwa ki zuba kaɗan a saman ruwan, tana zuƙe dattin da kifi ke fitarwa, sai dai ki riƙa rage ta kada ta tare wa na ƙasa haske. Af, in jan kifin nan goldfish gare ki, Anubias da Java fern ne za su fi tsira daga bakinsa.

Tambaya: Ruwan famfo zan zuba, ko na jarka da muke sayowa na sha? (Wani magidanci daga Shara Mansur, Makka)

Na famfo, Alhaji, amma ka ɗiga masa maganin kashe kulorin da ake sayarwa a shagon kifi. Yawancin ruwan Makka da Jidda tataccen ruwan Bahar Maliya ne daga matatar ruwa ta Shu'aiba, kuma ana mayar masa da ma'adinai kafin a turo shi. Na jarka sau da yawa an tace shi fes, shi kaɗai ba zai ba shuka sinadaran kalsiyam da magnesiyam da take bukata ba.

Zafi ne abin tsoro a nan. Tsirran nan sun fi son maki 22 zuwa 28 a ma'aunin Salshiyas, kuma ka san yadda ruwan tankin saman bene ke fitowa da azahar a watan Yuli. Ka tara shi a bokiti da dare ya kwana a ɗaki mai mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, sannan ka sauya kwatan ruwan tankin kifin da shi duk sati. Kafin ka sayi hita, sayi ma'aunin zafi ka ga ko kana bukatarta ma.

Tambaya: Takin fulawa na gida zai yi? (Wata ɗaliba daga Madina)

A'a, ƙanwata. Yawancinsa na ɗauke da yuriya ko amoniya, guba ce ga kifi. Ki nemi wanda aka yi musamman don tankin kifi, ki fara da rabin abin da aka rubuta a jikin kwalbar.