Yadda ƙaramin jirgi mara matuƙi ke jefa babban birni cikin duhu

Tambaya: Assalamu alaikum Injiniya. Ni mai sayar da ƙanƙara da lemon sanyi ne a Agege, saboda haka na san zafin ɗaukewar wuta. Muna yawan ji a rediyo cewa jirage marasa matuƙa na Rasha sun kai hari Kyiv, babban birnin Yukiren, kuma wuta ta ɗauke a unguwanni da dama. A majalisarmu gardama ta ƙi ƙarewa, domin wasu sun ce abu ƙarami haka ba zai iya kashe wutar gari guda ba. Ta yaya hakan ke faruwa, me ya sa gyara ke daɗewa, kuma irin wannan zai iya samun Legas?

Amsa: Wa alaikumus salam Malam, Allah ya yi wa kasuwa albarka. Abokan gardamarka suna da gaskiya ta fuska ɗaya, domin jirgin da ake magana a kansa ba shi da girma. Wanda Rasha ta fi amfani da shi shi ne Shahed-136, ƙirar Iran, wanda Rashawa ke kira Geran-2 kuma yanzu suke haɗa shi a ƙasarsu. Abin fashewar da ainihin samfurinsa ke ɗauka bai wuce kilo 50 ba, injinsa kuma ƙara yake yi kamar babur, har mutanen Kyiv suka laƙaba masa sunan babur. Abin da ya sa yake yin ɓarna mai yawa shi ne wurin da ake auna shi, wato manyan taransifomomi da ke tashoshin rarraba wuta.

Wutar da ke zuwa shagonka tana bin matakai kafin ta iso. Ana samar da ita a tasha, a ɗaga ƙarfinta domin ta yi tafiya mai nisa ba tare da ta zube a hanya ba, sannan a riƙa sauke ƙarfin daki-daki har ta kai yadda firij zai iya ɗauka. Da kilobolt ake auna wannan ƙarfin. A Najeriya manyan layukanmu na kilobolt 330 ne da 132, daga nan a sauko 33 da 11, sannan taransifomar unguwa. A Yukiren suna da layukan kilobolt 750 da 330. Duk inda ƙarfin wuta zai canza, dole sai an bi ta taransifoma, kuma ta babbar tasha ba irin wadda kake gani a bakin layinku ba ce. Nauyinta kan kai tan 200 ko fiye, cikinta cike yake da mai na musamman da ke sanyaya ta, kuma a fili take tsaye saboda tana buƙatar iska. Idan ɓaraguzan bam suka huda tankinta, man ya tsiyaye ya kama wuta, nan take naɗin tagullar da ke ciki ya ƙone, kuma abin da ya rage ba ya gyaruwa. Wayar da ta tsinke ana iya ɗaure ta cikin yini ɗaya ko biyu, amma irin wannan taransifoma sai an ba da odarta an ƙera ta daidai da tsarin tashar, aikin da kan ci shekara ko fiye, sannan a nemi motar da za ta iya jan ta da gadar da za ta iya ɗaukar nauyinta. Ga kuma wata matsala ta daban: akasarin tsarin wutar Yukiren an gina shi ne a zamanin Tarayyar Sobiyat, don haka injiniyoyin Rasha sun san inda kowace tasha take da aikin da take yi.

Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne, yawancin duhun da mazauna Kyiv ke zama a ciki injiniyoyinsu ne ke jawo shi da gangan, kuma dole ce ta sa. Wutar lantarki ba hatsi ba ce da za a zuba a rumbu a riƙa ɗiba; abin da ake samarwa dole ya yi daidai da abin da ake sha a kowace daƙiƙa. Ma'aunin wannan daidaito shi ne bugun wutar, wanda a Yukiren da Najeriya duka ake riƙe shi a kan hertz 50, wato bugu 50 a kowace daƙiƙa. Da zarar an rasa babbar tasha ko babban layi, nauyin sai ya koma kan sauran, bugun ya fara sauka, na'urorin kariya su riƙa cire injuna ɗaya bayan ɗaya domin kada su lalace, har tsarin gaba ɗaya ya durƙushe. Mu a nan mun san wannan sarai, shi ne abin da ake nufi idan aka ce babban layin wutar ƙasa ya faɗi. Domin guje wa haka, hukumar Ukrenergo mai kula da manyan layuka takan ba da umarni a yanke wa unguwanni wuta bi da bi, kamfanin DTEK da ke rarraba wuta a Kyiv kuma ya fitar da jadawali. A ranar 23 ga Nuwamba 2022 harin makamai masu linzami ya fi ƙarfin wannan dabara, tashoshin nukiliyar ƙasar suka fita daga layi, kuma mafi yawan ƙasar ta kwana cikin duhu.

Hare-haren da aka tsara kan wutar Yukiren sun fara ne gadan-gadan a ranar 10 ga Oktoba 2022, kusan wata takwas da soma mamayar da Rasha ta yi wa ƙasar. Da farko an fi auna tashoshin rarrabawa, daga baya aka koma kan tashoshin samar da wutar kansu. A watan Afrilun 2024 aka rusa tashar Trypilska da ke kudu da Kyiv, mai ƙarfin megawat 1,800, wato ta fi tasharmu ta Egbin da ke Ikorodu, wadda ƙarfinta megawat 1,320 ne. Tun a Maris 2022 kuma tashar nukiliya ta Zaporizhzhia, mafi girma a Turai, ta faɗa hannun sojojin Rasha. Abin da ya taimaka wa ƙasar shi ne haɗa layinta da na Turai a cikin wannan watan, wanda ya ba ta damar shigo da wuta daga maƙwabta.

Batun tsaro kuwa lissafin kuɗi ne. Jirgi ɗaya kuɗinsa dubban daloli ne, makamin Patriot da za a harbo shi da shi kuma miliyoyi ne, ga shi ana turo jiragen ɗaruruwa a dare guda, wasunsu ma fanko ne don yaudara. Ko an kakkaɓo tara cikin goma, na goman ya isa ya ƙone taransifoma. Shi ya sa Yukiren ta koma ga sojoji masu manyan bindigogi a bayan motocin a-kori-kura, da kewaye taransifomomi da buhunan yashi da katangun kankare.

Abin da ya fi damuna a wannan lamari shi ne abin da ke biyo bayan duhun. Kyiv birni ne na mutum kusan miliyan 3, yawancinsu a dogayen benaye, kuma a lokacin hunturu sanyi kan sauka ƙasa da sifiri sosai. Idan babu wuta, famfunan da ke tura ruwa sama sun tsaya, bututun da ke ɗumama gidaje sun huce, lif ya daina aiki, tsohuwar da ke hawa na 15 ta maƙale. Ba sai mun je Turai ba ma. A Sudan, a watan Mayun 2025, jirage marasa matuƙa sun afka wa tashoshin wuta a Omdurman, Khartum ta shiga duhu, matatun ruwa suka tsaya, jama'a suka koma shan ruwan kogin Nilu kai tsaye, cutar kwalara kuma ta ƙara bazuwa. Wannan ne ya sa nake ganin duk wanda ya auna tashar wuta, ko wane ɓangare ne, ya san cewa marasa lafiya da yara ne za su fara ɗanɗana kuɗarsa. Kotun Hukunta Manyan Laifuka ta Duniya ta ba da sammacin kama wasu manyan hafsoshin Rasha a shekarar 2024 kan hare-haren wutar Yukiren, ciki har da tsohon ministan tsaro Sergei Shoigu da babban hafsan sojojin ƙasar a lokacin, Valery Gerasimov.

Game da Legas, alhamdulillahi ba yaƙi muke yi ba, kuma ba na son kowa ya kwana da fargaba. Amma raunin tsarin iri ɗaya ne. Kaso mai yawa na wutar Legas yana ratsawa ne ta tashoshi ƙalilan, kamar Ikeja West da ke Ayobo, da Akangba, da Aja, kuma idan ɗaya ta samu babbar matsala, sauran ba su da sararin ɗaukar nauyinta duka. 'Yan'uwanmu na gida sun ga misalin haka a Oktoban 2024, lokacin da aka lalata layin Shiroro zuwa Kaduna, layin da ke bi ta Ugwuaji zuwa Apir shi ma ya samu matsala, jihohin Arewa da dama suka shafe kwanaki babu wuta. Ba jirgi ne ya yi wannan ba, hasumiyoyin ƙarfe ne aka kayar a daji inda ma'aikata ba sa iya shiga sai da rakiyar jami'an tsaro.

Bambancinmu da Kyiv shi ne mutumin Legas ya daɗe da sabawa da janareta da inbata da sola, kuma babu sanyin da zai kashe shi a ɗaki. Sai dai ruwanmu na rijiyar burtsatse ne da ke buƙatar famfo, matatun Iju da Adiyan da ke kusa da ku su ma da lantarki suke aiki, dizal kuma yakan yi tsada da zarar kowa ya koma kansa lokaci guda. A ganina abin da ya kamata hukumomi su ɗauka daga Kyiv da Khartum shi ne ajiye manyan taransifomomi na ko-ta-kwana, da gina layi na biyu zuwa kowace babbar tasha, da ba asibitoci da matatun ruwa wutarsu ta kansu wadda ba ta jiran babban layin ƙasa. Kai kuma Malam, tunda ƙanƙara ce jarinka, firij mai aiki da sola da batir zai riƙe maka kaya na kwana biyu ko uku ko da wuta ta ɗauke kuma man janareta ya yi wuyar samu.