Ku Tambayi Likitan Bisashe: Gyauron Dawa, Tumfafiya da Shingen Bini da Zugu

Tambaya: Assalamu alaikum Baba likita. Ni uwar gida ce a Miriya, ina ɗan kiwo a bayan gida. Bana bayan mun yanke dawa sai aka yi wani ruwa na bazata, tushiyoyin suka sake tofo kore shar. Da sassafe yarona ya kora tumakina biyar cikin gonar tun ba su ci komai ba. Ba a yi awa ɗaya ba ya dawo a guje yana kuka: biyu sun faɗi suna haki, kumfa a baki, suna shure-shure. Ɗaya ta mutu kafin mu isa, ɗayar aka samu aka yanka, jininta ja jawur, ban taɓa ganin irinsa ba. Mutane na cewa guba aka zuba musu, har ana nuna mini maƙwabcin da muka taɓa samun saɓani da shi a kan iyakar gona. Sannan tumfafiya ta cika bayan gidanmu, shingenmu kuma na bini da zugu ne, ga ƙananan yara uku. Wanne zan sare?

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya. Allah ya mayar miki da alheri. Tun farko ki cire maƙwabcinki daga cikin maganar nan, zato zunubi ne. Abin da kika lissafa, daga ruwan bayan girbi har zuwa launin jinin, duk hannu ɗaya yake nunawa: gyauron dawa.

Dawa in tana ƙarama, ko in ta sake tofo bayan an yanke ta, ganyenta na ɗauke da wani sinadari wanda da zarar dabba ta tauna ya isa tumbi sai ya rikiɗe ya zama dafi. Mu da muka yi karatu da Faransanci siyanur muke ce masa, 'yan'uwanmu na Najeriya su ce sayanaid. Aikinsa shi ne hana naman jiki karɓar iskar da jini ya kawo masa. Dabba na shaƙa, jini na ɗauka, amma babu mai karɓa. Shi ya sa kika ga tana haki kamar an shaƙe ta, shi ya sa kuma jinin ya fito ja jawur, don iskar na nan cikinsa ba a taɓa ta ba. Masu tuƙa, wato shanu, tumaki, awaki da raƙuma, su ya fi kamawa, saboda tumbinsu ne ke saurin mayar da sinadarin dafi. Jaki da doki ba su cika faɗawa ba. Dawar da fari ya ƙona ta tsaya gajeriya, sannan ruwa ya zo ta farfaɗo, ita ma haka take. Gero ba ya da wannan dafin, kuma ina jin shi ya sa mu mutanen Damagaram, da gero ya fi yawa a gonakinmu, muke mantawa da dafin dawa sai ya yi mana ɓarna.

Ina sabon shiga aiki aka taɓa tashina da asuba zuwa wani ƙauye ta wajen Magarya. Shanu uku a kwance, gari ya ɗauki zafi, har an riƙe wani makiyayi baƙo ana cewa shi ne. Wani dattijo da ko sunansa bai iya rubutawa ya ja ni gefe, ya kai ni bayan gari ya nuna mini gyauro an cinye shi har ƙasa. Abin da na karanta a littafi, shi ya gaje shi a wurin ubansa. Ranar na ji kunya, don ni da takardata sawun mutum nake nema.

Yunwar safiya ita ta ƙarasa tumakinki. Dabbar da ta kwana da ciki wayam ta tarar da kore, kallon kitse take wa rogo, cika tumbi take yi nan take. Don haka kada a sake su a gonar dawa sai gyauron ya bushe ƙarmas. In kuma so kike ki amfana da shi, ki bari ya wuce gwiwar babban mutum, kamar santimita 60, a yanke a shanya ya bushe sosai, dafin na raguwa da bushewa. Ko ina za su da safe, a fara ba su harawa ko busasshen kara. In abin ya sake faruwa, Allah ya kiyaye, a fitar da sauran a hankali, ban da kora a guje, a kira ma'aikacin kiwo. Akwai allurar jijiya da ke karya dafin, amma gaskiya ba kasafai muke isa a kan lokaci ba, don daga minti 15 zuwa 'yan awoyi komai ya ƙare. Naman wadda aka yanka kuwa, ni dai ba na cewa a ci, balle tumbi da hanji. Bawon rogo mai ɗaci ɗanye ma dafinsu ɗaya, a kula da shi.

To, mu koma bayan gida. Kin fi jin tsoron tumfafiya, ni kuwa shingen ya fi tayar mini da hankali.

Tumfafiya tana da dafi mai taɓa zuciya, amma bisashe sun san ta, ba sa kusantar ɗanyen ganyenta sai yunwa ta kai musu iya wuya. Ga yara, farin ƙaron nan ne matsala. Suna fasa ƙwallonta suna wasa, su murza ido, kafin wani lokaci gani ya yi hazo. In ya faru, a yi ta kwarara ruwa mai tsabta a idon kamar minti 15, kada a ɗiga komai, ko nonon uwa ko kwalli, a wuce likita. Wadda ke daf da inda yara ke wasa ki sa a sare, mai saran ya kare idonsa.

Bini da zugu kuwa mayaudari ne. Yaro da harshensa yake gane haɗari, abu in ya yi ɗaci ya tofar. Anza da mutanenmu suka rayu da ita a yunwar 2005, ɗacinta ne ke tilasta a jiƙa ta kwana da kwanaki ana sauya ruwa. Ita kuwa ƙwayar bini da zugu garɗi gare ta kamar gyaɗa, yaro ya ci ɗaya ya kira abokansa. Shi ya sa sau da yawa ba yaro ɗaya ake kawowa ba, gungu ne, duk suna amai da gudawa da murɗar ciki ba da daɗewa da ci ba. Galibi suna warkewa, amma ƙaramin yaro ruwan jikinsa ba ya da yawa, ƙarewarsa ita ce abin tsoro. Ba sai kin tumɓuke shingen duka ba, tunda yana tare miki awakin mutane. Ki riƙa tsinke 'ya'yan tun suna kore, a share waɗanda suka zube, ki kama hannun yaran ki nuna musu itacen ki faɗa musu sunansa.

Tunda ana maganar, ki leƙa juji da bakin kwata. Nan zurma ke fitowa, ƙwayarta mai zane kamar kaska, in an tauna ta fi bini da zugu muni nesa ba kusa ba, kuma tana iya yin awoyi kafin ta nuna kanta, har a ɗauka yaro ya tsira. Nan ne kuma zaƙami yake, wanda ba a banza aka ce masa haukata-yaro ba: ƙwayar ido ta buɗe, baki ya bushe, jiki ya yi zafi babu gumi, zuciya na dukan tara-tara, yaro na surutai yana kamo abin da babu. Sau nawa ake cewa iskokai ne a tafi neman mai ruƙiyya, alhali 'ya'yan zaƙami na cikin aljihunsa. Waɗannan biyun, da idon zakara mai jar ƙwaya da ɗigon baƙi da 'yan mata ke so, ki tumɓuke su ki ƙone nesa da gida, kada kowa ya tsaya cikin hayaƙin.

In yaro ya riga ya ci, kada a tura masa yatsa a maƙogwaro, kada a ɗura masa nono ko man gyaɗa ko ruwan tsamiya, musamman in ya fara gyangyaɗi, don yana iya shaƙa ya wuce huhu. A cire abin da ya rage a bakinsa, a kwantar da shi a gefensa, a karyo reshen da 'ya'yansa a sa a leda, a tuna lokacin da ya ci. Ku fara da likitar Miriya, in abin ya fi ƙarfinsu babban asibitin Zinder bai kai kilomita 20 ba.

Tambaya: Malam, daga Gidimuni nake. Raguna na sayo daga wajen Tanut don kiwon layya, ina sakinsu bakin tabki. Yanzu biyu na karkarwa, kai na rawa, suna tangaɗi kamar masu maye, amma suna cin abinci. Na gida kuwa lafiyarsu ƙalau.

Amsa: Alhaji, je ka duba ko duman kada ya shimfiɗu a wurin. Da rani shi kaɗai ke rage kore a bakin ruwa, na gida sun san shi suna tsallakewa, baƙi kuwa ba su san dawan garin ba. Ka ɗaure su a turke cikin inuwa, harawa da dusa da ruwa a gabansu, ban da kora da firgitarwa don suna ƙara karkarwar. Yawanci sukan dawo daidai cikin kwanaki ko 'yan makonni. Amma in ka ga zazzaɓi, ko majina, ko sun daina ci, to wata cuta ce daban, ma'aikacin kiwo ya zo ya duba su tun kafin ka haɗa su da sauran garken.