Amsa ga 'yar'uwar da ke tambaya kan aikin kamfanin inshora

Salam 'yar'uwa, na ga tambayarki cewa an ba ki aiki a babban kamfanin inshora amma kin ji ana kuka da shugabanninsu, wai ko abin yana taɓa ƙaramin ma'aikaci in dai yana yin aikinsa. Wallahi yana taɓawa, shi ma ya fi taɓawa. Na yi shekaru a sashen biyan diyya, bari in faɗa miki abin da idona ya gani.

Inshora alkawari ake sayarwa, mutum ya yi ta biyan kuɗi don ranar da wani abu zai same shi. To ranar in ta zo, ke zai gani, ba oga ba. Mu manajanmu sai ya sa fayil ɗin mai neman diyya ya kwana a teburinsa sati uku bai sa hannu ba don kawai lissafin watan ya yi kyau a idon na sama, ni kuma wanda shagonsa ya ƙone yana kirana safe da yamma, ban da abin faɗa masa sai ana kan dubawa, alhali na san ba abin da ake dubawa. Wannan ƙaryar ita ta fi cina, har gida nake tafiya da ita, barci ma ya gagara. In kwastoma ya kai ƙara kuma, kwiri, wato takardar tuhuma, a kanki zai sauka, oga ya ce bai taɓa ganin fayil ɗin ba.

'Yan talla nasu ya fi muni. A ɗora musu taget ɗin da ba zai yiwu ba, sai su fara sayar wa mutane inshorar da ba su gane sharuɗɗanta ba don su samu kwamisho, daga baya rigimar ta faɗo mana. Maimakon a gyara sai a kira mitin a yi ta faɗa, sashe da sashe kowa na jin haushin kowa. Ƙwararrun suka dinga ajiye aiki ɗaya bayan ɗaya, ba a ɗauki wasu ba, aikin mutum uku ya koma kan mutum ɗaya.

Kuma kar girman kamfani ya ruɗe ki. AIG, babban kamfanin inshora na Amurka fa, a 2008 sai da gwamnati ta ceto shi, ta fara da bashin dala biliyan 85, saboda kasadar da wani sashe guda ya yi manya suna kallo. A Maris 2009 aka raba wa 'yan wannan sashen bonas na dala miliyan 165, jama'a suka fusata, har aka shawarci ma'aikata su daina sa kaya masu tambarin kamfanin. Dubban da ba su ci ba ba su sha ba su suka kwashi kunyar.

Ban ce ki ƙi aikin ba, na koyi abubuwa sosai a can, kuma na taɓa zama ƙarƙashin wata shugaba mai adalci da take tare mana faɗa, lokacin kamar ba kamfani ɗaya ba. Ki dai bincika wa za ki zauna a ƙarƙashinsa, mutum nawa suka bar sashen a shekarar nan, in da hali ki nemi ɗaya cikinsu ku yi magana. In kin fara kuma, duk umarnin da oga ya ba ki da baki, musamman na riƙe fayil, ki tura masa imel ki ce kina tabbatar da abin da ya ce. Wannan imel ɗin shi ya fidda ni ranar da masu binciken kuɗi suka zo.