Kuloci ba ya saki ko an matse hannu

Malam, ka ce ka ɗaura wayar kuloci a kekenka mai inji, amma ko ka matse hannun, tayar baya ba ta juyawa sai da ƙyar. Wayar ce ta yi sako-sako. Kwance notin da ke riƙe bakinta, ka tura ƙarfen kuloci da ke jikin inji, wanda wayar ke ja, da yatsa har ka ji ya cije, sannan ka ja wayar da filaya ka ɗaure. Ka bar wasa kamar milimita 2 zuwa 3 kawai. Sifirin biyu ne a wajen: siririn yana zama ne tsakanin ƙarfen da maƙalar waya, mai kaurin kuma a kan rigar wayar, don zafin inji kada ya narkar da ita.

Sai dai kada ka ja wayar ta wuce kima, domin kuloci zai riƙa zamewa a hawa, fatunsa su ƙone da wuri. In ka daidaita wayar bai saki ba, buɗe murfin inji na gefen dama, ka matse hannun ka kulle, ka cire ƙaramin sukurun da ke tare notin tsakiyar kuloci, ka sassauta notin gaɓa ɗaya, ka mayar da sukurun. Ɗiga wa wayar mai, ƙurar hunturun Kaduna tana sa ta tauri.