Tambaya da Amsa: Tuƙa mota mai ɗaki cikin iska da ruwan sama

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Mun yi hayar mota mai ɗaki, irin wadda ke da gado da kicin da banɗaki a ciki, za mu yi doguwar tafiya ni da iyalina. Na daɗe ina tuƙa ƙaramar mota amma ban taɓa riƙe babba ba, ga shi masu hasashen yanayi sun ce za a yi iska da ruwa. Me zan kiyaye? Daga wani magidanci.

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Iskar ce ta fi damuna a wasiƙarka, don haka da ita zan fara.

Wannan mota tsayinta sama yakan kai mita 3, gefenta kuwa shimfiɗaɗɗe ne kamar bango, babu ta inda iska za ta zille. Kuma in gudun iska ya ninka biyu, ƙarfin turinta ninki huɗu yake yi. Shi ya sa iskar da ba ka kulawa da ita a ƙaramar mota za ta iya fitar da kai daga hannunka a wannan. Wadda take kaɗawa bai ɗaya da sauƙi, za ka ji ta a sitiyari ka daidaita. Mai zuwa bagatatan ita ce matsala, kuma an san wuraren da take jiran mutum: kan gada, fitowa daga tsakanin duwatsu, da inda jerin itatuwa ya yanke fili ya buɗe. Tun kafin ka isa irin wurin ka ɗaga ƙafa daga totur, hannu biyu a sitiyari.

Sai tirela. In za ta wuce ka, iskar gabanta za ta fara tura ka gefe, tana zuwa daidai da kai kuma ka ji kamar tana jawo ka jikinta. A nan sabon direba yake fizgar sitiyari, motar ta shiga tangaɗi. Ka riƙa duba madubi don kada ta zo maka ba shiri, ka ɗan matsa gefen hannunka, gyaran sitiyarin kuma ya zama kaɗan kaɗan. Ni a ganina, in hasashe ya nuna bugun iska zai kai kilomita 70 zuwa 80 a awa, a haƙura da tafiyar ranar. Gadonku na tare da ku, me za ku je nema?

Yadda kuka loda kaya ma yana da tasiri. Masu nauyi su zauna ƙasa, tsakanin tayoyin gaba da na baya, kabad ɗin sama kuwa a bar wa tufafi. Litar ruwa ɗaya kilo ɗaya ce, tankin lita 100 da ke rabi kuma ruwansa na kai da kawo a duk kwana. Ka naɗe rumfar gefe ka kulle ta, ka rufe tagogin rufi. Kowa ya zauna a kujera mai bel, ba a kwanciya a gado mota na tafiya, ko da yara sun yi ta magiya.

Maganar ruwa gajeriya ce. A jiƙaƙƙen titi nisan tsayawa na iya ninkawa, nauyin motarka kuma zai iya kaiwa tan uku da rabi ko fiye, don haka ka bar tazarar aƙalla daƙiƙa 5 tsakaninka da na gaba. Farkon saukar ruwa ya fi santsi saboda man da ya kwanta a kwalta. Ka kunna fitila, ka kashe na'urar da ke riƙe wa mota gudu ba sai ka taka totur ba. In ka ji sitiyari ya yi sakayau, taya ta hau kan ruwa ke nan: saki totur, miƙe sitiyari, kada ka danna birki da ƙarfi. Ruwan da ke gudu a kan titi kuwa kada ka shige shi, zurfin santimita 60 ya isa ya tafi da babbar mota.

Ranar karɓar motar ka tsuguna ka duba tayoyi da idonka. Ƙasashe da dama ba sa yarda zurfin zanen taya ya gaza milimita 1.6, amma don ruwa ni na fi son 3. Irin waɗannan motoci sun fi zama a ajiye, sai taya ta tsufa ta tsattsage zanenta na nan kamar sabo. Akwai lamba huɗu a gefenta: misali 2319 na nufin an ƙera ta a mako na 23 na shekarar 2019. In ta haura shekara shida ka yi wa masu hayar magana. Ka gwada waifa kafin ka bar wurin.

In kun tsaya, ka juya gaban motar ya fuskanci iska, nesa da itatuwa da bakin rafi, kuma a kan ƙasa mai tauri, don ciyawar da ta sha ruwan dare ba za ta sake ku da safe ba.